Zaɓen Makarantar Likitan Dabbobi: A Duba Ruwa Kafin A Tsoma Ƙafa

Kowace shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da takardun neman shiga jami'a, sai shawara ta kaure a gidajen manyan ma'aikata da attajirai na unguwar Nassarawa GRA ta birnin Kano. Uba yana son likita, uwa tana son lauya, kawu kuma yana ganin babu kamar injiniya. Da wuya a ji wanda ya ambaci likitan dabbobi, sai fa in sakamako ya fito, maki ya gaza kai yaro sashen likitan mutane. A sa'an nan ne ake tunawa da wannan fanni, a tura yaro duk makarantar da ta nuna alamar za ta karɓe shi, tare da yi masa alkawarin cewa in an shekara za a nema masa canji. Mu a ganinmu wannan hanya ɓarna ce ga yaron, ɓarna ce ga makarantar, kuma asara ce ga ƙasar da arzikinta yake tafiya bisa ƙafa huɗu. Karatun likitan dabbobi ya cancanci a zaɓe shi da gangan, makarantar da za a yi shi kuma a auna ta da ma'auni na gaskiya.

Abin mamaki shi ne, unguwar da ake yi wa fannin wannan kallo tana cikin wuraren da suka fi ko'ina bukatarsa. A Nassarawa filin sukuwa yake. Nan ne bisa al'ada dawakin Sarki da na hakimai suke ratsawa ranar Hawan Nassarawa, a kan hanyarsu ta zuwa Gidan Gwamnati. A bayan katangun gidajen akwai karnukan gadi, da ragunan da ake turkewa domin layya, da kejin kaji. Da yawa daga cikin masu gidajen kuma suna da gonakin kaji ko garken shanu a bayan gari. Duk mai irin wannan dukiya ya san darajar likita a daren da doki ya kwanta da ciwon ciki, ko safiyar da aka tarar da kaji ɗari sun mutu a keji. Amma in aka ce ɗansa ne zai zama wannan likitan, sai fuska ta canza. Ana son nono, ana ƙyamar mai tatsa.

Ya kamata mu tuna wa kanmu asalin wannan aiki a ƙasarmu, domin wanda ya san abin da ya haifi sana'a ba zai raina ta ba. Makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya an buɗe ta a birnin Liyon na Faransa a farkon shekarun 1760, a zamanin da annobar shanu take share garkunan Turai. Wannan annoba, wadda makiyayanmu suke kira bushiya, ita ce ta ratsa Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, ta bar Fulani da sanduna babu abin kora. Ita ce kuma ta sa Turawan mulki suka kafa ɗakin bincike a Vom, kusa da Jos, a 1924, domin haɗa maganin rigakafi. A 1962 aka fara gagarumin gangamin allura na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Da aka ga cutar ta lafa sai aka yi sake, ta dawo a 1983, ta kashe shanu dubbai ɗaruruwa a ƙasar nan. Sai a 2011 aka yi shelar cewa an kawar da ita daga doron ƙasa baki ɗaya, ta zama cuta ta biyu a tarihi da ɗan Adam ya ga bayanta, bayan agana. Waɗanda suka yi wannan aiki likitocin dabbobi ne da malaman dabbobi, masu kwana a ruga, masu ɗaukar allura cikin ƙanƙara zuwa inda mota ba ta zuwa.

Kada kuma a ɗauka yaƙin ya ƙare. A watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona da ke Jaji cikin Jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin nahiyar Afirka, ba a jima ba ta iso gonakin Kano. A watan Yuli na 2023 aka tabbatar da cutar saifa a wata gona kusa da Suleja. Sammore da ciwon huhu da kirci da bakkale suna nan suna cin garke a hankali. Masana lafiya sun ƙiyasta cewa kusan shida daga cikin kowace goma na cututtukan da ke yaɗuwa tsakanin mutane daga dabbobi suke tasowa. Tarin fuka na shanu yana bin nonon da ba a dafa ba, bakkale ma haka, haukan kare kuwa in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Saboda haka likitan da yake tsaye a mayanka da asuba yana duba huhu da hanta kafin nama ya fita kasuwa, yana tsare lafiyar mutanen da ba za su taɓa sanin sunansa ba, har da masu cin balangu a Nassarawa.

To, in ɗalibi ya ƙudura niyya, ina zai dosa? Alhamdu lillahi, a yau zaɓi yana da faɗi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta kafa tsangayarta a 1964, da taimakon malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, ita ce kuma uwa ga sauran na Arewa. Jami'ar Maiduguri ta biyo baya a 1980, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 1984. Akwai na Jos da Abuja da Makurɗi da Ilori, akwai tsofaffin na Badun da Nsukka. A 'yan shekarun nan Jami'ar Bayero ma ta buɗe tata tsangayar a nan Kano. Karatun shekara shida ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, inda ake neman Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Shekara shida ba wasa ba ce a rayuwar saurayi ko budurwa, shi ya sa muke cewa a tsaya a yi tambayoyi kafin a cike takarda.

Tambaya ta farko, wadda duk sauran suke bayanta, ita ce ta amincewar hukuma. Hukumomi biyu ne suke da ta cewa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana duba kwas a matsayinsa na karatun jami'a. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya kuma, wadda dokar 1969 ta ɗora wa alhakin tsare mutuncin sana'ar, ita ce take rantsar da wanda ya gama, ta sa sunansa cikin rajista. Wanda sunansa bai shiga wannan rajista ba, ko da ya riƙe takardar digiri mai zanen zinariya, doka ba ta san shi a matsayin likita ba. Wannan ba tsoratarwa ba ce ta fatar baki. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kwasa-kwasai huɗu a Jami'ar Abuja saboda ba su cika sharuɗɗa ba, cikinsu har da na likitan dabbobi, ɗalibai suka yi ta zanga-zanga bayan sun ɓata shekaru suna jiran abin da bai zo ba. Daga baya an gyara al'amarin, amma shekarun da suka salwanta ba wanda ya mayar wa masu su. Don haka a tambayi makaranta ƙarara: wace irin amincewa kuke da ita, cikakkiya ko ta wucin gadi, kuma yaushe aka ba ku? A kuma tabbatar da amsar daga Majalisar kanta, kada a tsaya ga abin da aka buga a takardar talla.

Tambaya ta biyu ita ce ta asibitin koyarwa. Shekarun farko na karatun ana yin su ne a aji da ɗakin gwaji: ƙirar jikin dabba, yadda gaɓoɓi suke aiki, ƙwayoyin cuta, tsutsotsi da kaska, da ilmin magunguna. Amma shekarun ƙarshe na hannu ne. A nan ɗalibi zai koyi kayar da sa ba tare da ya karya shi ba, ya zura hannu har kafaɗa ya gane ko saniya tana da ciki, ya ciro ɗan maraƙin da ya gitta, ya farke tumbin akuya ya fitar da ledar da ta haɗiya, ya ɗinke ya kuma ga ta tashi. Ba a koyon wannan a allo. Saboda haka duk mai neman shiga ya taka da ƙafarsa ya je asibitin dabbobi na makarantar, ranar aiki, ba ranar biki ba. Ya duba dabbobi nawa aka kawo, waɗanne iri ne, ɗalibai nawa suke kewaye da dabba guda. Ya tambaya ko akwai motar da take fita da ɗalibai zuwa rugage da gonaki, ko kuwa tana kan duwatsu. Ya leƙa ɗakin fiɗa da ɗakin binciken gawa, ya ga ko akwai ruwa da wuta. Ya kuma sami ɗaliban ajin ƙarshe su kaɗai, domin abin da za su faɗa masa a gindin bishiya ya fi abin da zai ji a ofis. Gani ya kori ji.

Tambaya ta uku ita ce ta maƙwabta, watau abin da ke kewaye da makarantar. Zariya tana da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika a gefenta, inda aka samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown, ga kuma cibiyar binciken sammore a Kaduna. Jos tana da Vom, inda har yau ake haɗa allurar rigakafin dabbobi. Sakkwato tana tsakiyar ƙasar jar akuya, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya tun zamanin fatake, ga raƙuma da shanun Gudali. Maiduguri tana bakin hanyar garkunan da ke fitowa daga yankin Tabkin Cadi. Kano kuwa, ko da tsangayarta sabuwa ce, Allah ya ajiye mata ajin da kuɗi ba ya ginawa: babbar mayanka ta birni, karar shanu ta Wudil, kasuwar Ɗambatta, kasuwar Maigatari a kan iyakar Nijar, masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, gonakin kaji da suka kewaye birni, dawakin sarauta, da namun dajin gidan zu na Audu Bako. Abin da ya rage ga mai tambaya shi ne ya gano ko makarantar tana kai ɗalibanta waɗannan wurare a kai a kai, ko kuwa suna wucewa ta gabansu ne kawai a mota. Sabuwar tsangaya tana da ƙarancin cunkoso da zafin nama, tsohuwa tana da gogaggun malamai da tsofaffin ɗalibai a kowace ma'aikata. Kowanne da ranarsa, sai mutum ya auna da idonsa.

Mun san cewa a gidaje da yawa na Nassarawa, maganar ba ta Zariya ko Sakkwato ba ce, ta ƙetare ce. Ba mu ƙi neman ilmi ko'ina yake ba, amma akwai abubuwa uku da ya kamata a sani. Na ɗaya, tsarin ya bambanta: a Amurka sai mutum ya yi karatun share fage na jami'a tukuna, sa'an nan ya shiga makarantar likitan dabbobi ta shekara huɗu, kuɗin kuwa ba a magana. Na biyu, makarantun Turai da Amurka suna tarbiyyar ɗalibi ne domin dabbobin ƙasarsu, inda akasarin aikin na karnuka da kyanwoyi ne, sai shanun madara da ke killace. Mai yiwuwa ya gama bai taɓa ganin saniyar da sammore ya rame da ita ba. Na uku, in ya dawo gida sai ya bi ta hannun Majalisar Likitocin Dabbobi kafin ya taɓa dabbar kowa da sunan likita. Ban da wannan, yaƙin Yukren na 2022 da na Sudan na 2023 sun nuna mana yadda karatu yake yankewa dare ɗaya, aka kwaso ɗalibanmu da jakar hannu kawai. Shawararmu ita ce a yi digirin farko a gida, kusa da garken da za a yi wa aiki, sa'an nan a fita neman ƙwarewa a fanni guda. 'Yan'uwanmu na Nijar sun daɗe da gane haka, suna tura nasu makarantar haɗin gwiwa ta Dakar da aka kafa a 1968, wadda aka gina domin dabbobin Afirka.

Wata magana kuma ta musamman ga ƙananan ma'aikata, waɗanda suke aiki a ma'aikatar gona ko ƙananan hukumomi suna tunanin ƙaro ilmi. A rarrabe tsakanin difloma da digiri. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta da kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom suna ba da difloma a fannin lafiyar dabbobi da kiwonsu. Aiki ne mai daraja, waɗannan malamai su ne ƙashin bayan kowane gangamin allura. Amma difloma ba ta mai da mutum likita, haka nan digirin kimiyyar kiwo ba shi ne digirin likitanci ba, ko da sunayen sun yi kama a kunne. Wanda yake son ya tsallaka daga wannan zuwa wancan, ya nemi sharuɗɗan shiga kai tsaye na kowace jami'a a rubuce, domin sun bambanta, ya kuma daidaita maganar hutun karatu da ma'aikatarsa tun kafin ya biya kuɗin rajista. Mutum mai iyali ba ya shiga tafiyar shekara biyar da ƙila-wa-ƙala.

Za a ce mana, duk wannan daɗin baki ne, ina aikin yake bayan an gama? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu rufe ta da tabarma ba. Gaskiya ne gwamnatocin jihohi ba sa ɗaukar likitocin dabbobi gwargwadon bukata, gaskiya ne kuma a kasuwannin ƙauye mai tallar magani a faifai ya fi likita ciniki. Amma a duba abin da wannan giɓi yake haifarwa. Ana ɗura wa dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, a sayar da nononta ko a yanka ta kafin maganin ya fita daga jikinta, mutane su ci, ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ranar da aka kwantar da yaro a asibiti a tarar allura ba ta ci. Ƙasar da take cikin wannan hali ba ta yi yawan likitoci ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo, bayan kwamitin da Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ya taka rawa a cikinsa. Ko wannan ma'aikata za ta cika alkawari ko ba za ta cika ba, babu shirin kiwo da zai tsaya da ƙafarsa ba tare da likitoci ba. Ban da aikin gwamnati kuma, gonakin kaji da kamfanonin madara da na abincin dabbobi da na magunguna duk suna neman wanda ya san aikinsa. Wanda ya fito da hannu mai kyau ba ya rasa abin yi; wanda aka tura ala tilas, ya yi shekara shida yana leƙen tagar wani sashe, shi ne yake fitowa da takarda babu sana'a.

Muna da kira na musamman ga 'yan'uwanmu mata. A ƙasar Hausa awaki da tumaki da kajin gida galibi dukiyar mata ce, da su ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da su ake biyan kuɗin magani. Waɗannan dabbobi suna cikin gidajen da aka rubuta wa “ba shiga”, inda likita namiji ba ya wuce zaure. Hukumomin duniya sun sa shekarar 2030 a matsayin lokacin da ake fatan kawar da annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiya. Wa zai shiga cikin gida ya yi wa akuyar Inna allura, ya kuma yi mata bayani da harshen da za ta gamsu? Ɗalibar da take da ƙarfin Bayoloji da Kemistiri ta sa wannan a ma'auninta.

Tambaya ta ƙarshe ba makaranta za a yi wa ba, mai neman shiga zai yi wa kansa. Aikin nan akwai kashi da jini da wari, akwai harbin saniya da cizon kare, akwai tafiyar dare a kan babur. Majiyyacin ba ya magana, sai an karanta ciwonsa a idonsa da numfashinsa da yadda yake tsayuwa. Mai dabbar kuma sau da yawa makiyayi ne wanda tun zamanin jangali ya koyi ɓoye garkensa daga duk mai riƙe da takarda da alƙalami, ba zai saki jiki ba sai ya ga ladabi, ya ji an gaishe shi ko da da kalma biyu ta Fulatanci. Wanda yake shakka, ya nemi izini ya yi mako biyu na hutu a asibitin dabbobi na gwamnati, kamar na Gwale, ya kuma yi sammako zuwa mayanka sau ɗaya. In ya dawo yana ba da labari da murna, to ya sami hanyarsa. In ya dawo yana toshe hanci, ya gode wa Allah da ya nuna masa tun da wuri, ya bar gurbin ga mai so.

Daga ƙarshe muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai da ta ɗauki wannan a matsayin aiki: ta riƙa shirya wa 'yan ajin ƙarshe na makarantun sakandare ziyara zuwa tsangayar likitan dabbobi kafin lokacin cike takardu, ta kuma gayyato likitocin da ke bakin aiki su yi musu bayani. Iyayenmu na Nassarawa kuma muna roƙonsu, cikin ladabi, da su bar yaron da zuciyarsa take wajen dabbobi ya sa wannan fanni a zaɓinsa na farko, su kuma raka shi ya ga makarantar da idonsa kafin a biya ko kwabo. Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci garke da mai garke.